Damin Ice Ba Mudu Ba Ne: Lissafin Makamashi a Kasuwar Shanu ta Potiskum

Ranar Laraba, kafin dillalai su fara tafa hannu a kan farashin bijimai, hayaƙi ya riga ya turnuƙe gefen Kasuwar Shanu ta Potiskum. Masu tsire da masu shayi da matan da ke tuƙa tuwo sun hura wuta, kuma kowannensu ya sayi abin da ba shi da tsayayyen ma'auni. Hatsi yana da mudu da tiya, man fetur yana da lita, amma ice sai dami da kura da akori-kura, sai kuma ido. Damin rani ba ya kai girmansa idan damina ta sauka, ko da kuɗin bai canza ba.

Wannan ya shafi ma'aikacin da ke Abuja, wanda yake tura kuɗi gida don a cika ɗakin ajiya kafin ruwa ya kankama, musamman tun da cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya tsawwala kuɗin dako. "Mota ɗaya" ba ta gaya masa komai.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware matsalar. A Jamhuriyar Nijar, kasuwannin ice na karkara da aka kafa a shekarun 1990 suna sayarwa da ma'aunin Faransa mai suna sitar, wato jerin ice mai mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi. A Amurka ma'aunin shi ne kod: ƙafa 8 sau 4 sau 4, kimanin sitar 3.6.

Lissafin ba wuya. Ɗaki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, idan aka jera masa ice zuwa tsayin mita 1.5, ya ci sitar 9. Sai dai ba dukansa ne ice ba. Ko faskararre ne miƙaƙƙe, kusan kashi ɗaya cikin uku na jerin iska ce. Idan rassan ƙaya ne masu karkata, irin na dajin Yobe, iskar tana iya kai rabi. Icen da aka watsa a bayan mota kuwa ya fi jerarre cika ido, shi ya sa mai wayo ba ya biya sai an sauke an jera.

Nauyi ma yana yaudara, domin ɗanyen ice kusan rabinsa ruwa ne. Kirya da marke suna daɗewa a murhu, suna barin garwashi, ɗanyen darbejiya kuwa hayaƙi ya fi yawa.

Yobe tana cikin jihohi 11 da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa take yaƙar hamada a cikinsu. Jami'in da zai ƙiyasta yawan dajin da garin Potiskum yake ƙonawa a shekara, da dami zai fara cin karo, kuma dami ba ya shiga jadawali.