Kada Yaro Ya Fara Taɓa Kwamfuta Ranar Jarrabawa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin Legas da na Nguru ko Gashuwa, abu ɗaya ke jiransu: tambayoyi 180, awa biyu, da agogon da ke ta raguwa a jikin na'ura. Sai dai yaranmu da yawa na arewacin Yobe, musamman 'yan ƙauyukan Bade, Jakusko, Karasuwa da Machina, ranar jarrabawar ce yatsunsu ke fara taɓa madannai. Ni malamin labarin ƙasa ne, haifaffen Nguru, ina koyarwa a wata sakandare a Gashuwa, kuma babu abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya irin wannan.

Na ga yarinyar da ke ɗaukar na ɗaya a ajinta ta zauna gaban kwamfuta hannunta na rawa. Ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana juya shi a iska, ta dube ni ta ce, "Malam, ya ƙi tafiya." Na ce, "'Yata, ajiye shi a kan tebur, ki ja shi a hankali." Ilimi na nan cike da kanta, tsoron na'ura ne kawai ya tsaya tsakaninta da jami'a. Ga shi kuwa jami'ar tana ƙofar gida, domin tun 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ta daɗe tana yaye malamai.

Dabarar da muke yi mai sauƙi ce. Kowane ɗan ajin ƙarshe yakan samo kwalin taliya, ya zana madannai a kai da biro, kowane harafi a gurbinsa. JAMB ta tsara jarrabawar yadda za a iya yin ta da 'yan haruffa kaɗan: A, B, C, D don zaɓen amsa, N a tafi gaba, P a koma baya, S a miƙa aiki. Sai in karanto tambaya, su danna a kan kwali, har yatsa ya san hanya. Daga nan sai mu haɗa kuɗi, mu kai su shagon kwamfuta rukuni-rukuni ranar Asabar, kowa ya zauna a gaban ta gaske. Yaron da ya wuce ta wannan hanya yakan shiga ɗakin jarrabawa hankalinsa na kan tambaya.

Na'urar da ta fi yi mini aiki a aji kuwa ita ce wayar da ke aljihuna. Darasin dausayin Haɗeja da Nguru ne ya tabbatar mini da haka. Littafi ya ce wuri ne mai muhimmanci, har aka sanya shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Yara su haddace, gobe su manta. Amma da na buɗe Google Earth, suka kewaye ni biyar-biyar, sai ajin ya kaure. Ga tafkin Nguru, ga mashigar Marma da ke kawo masa ruwa, ga kogin Yobe yana lanƙwasa ta gefen Gashuwa. Wani ɗan masunta ya ɗora yatsa a kan wani kore mai duhu ya ce, "Malam, wannan ai kachala ce, ita ta toshe inda Baba ke saka koma."

Daga bakinsa darasin ya tashi. Muka bi kogin da yatsa har jihar Kano, muka ga madatsar ruwan Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Na bayyana musu cewa a da ruwa yakan zo da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Da madatsun suka sa ruwa na kwarara duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta cinye gonakin shinkafa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Yaran da iyayensu ke fama da wannan ciyawa suka fahimci asalinta a darasi guda. Gani ya kori ji.

Duk da haka, wanda ya ce a raba kwamfutoci an gama, bai taɓa koyarwa a nan ba. Na san ɗakin kwamfuta da ke kulle, ƙurar hunturu ta rufe na'urorin, saboda babu wuta kuma babu kuɗin man janareta. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, waya ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar bayani. Malami ne ke sayen data daga albashinsa, ga shi a 2025 an ƙara kuɗin kira da data da kusan rabi. Lokacin da korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, masu hali suka ci gaba da karatu ta intanet, yaranmu kuwa wanda ya samu darasin rediyo ya gode Allah. 'Yan mata sun fi cutuwa, domin a gidaje da yawa wayar tana hannun uba ko yaya.

Akwai kuma ɓarnar da take tafe da amfanin. Yaro ya kwana yana kallon TikTok, ya zo aji yana gyangyaɗi. Wani ya kawo aikin gida da Turanci tsaf wanda manhaja ta rubuta masa, in ka ce ya bayyana layi ɗaya sai ya sunkuyar da kai. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini aiki sai ya tsaya ya faɗe shi da bakinsa, ko da Hausa ne. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ita kuma WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta a waje a 2024. Inda aka dosa ke nan, kuma ba za a jira mu ba. Roƙona ga hukuma da attajiranmu da tsofaffin ɗalibai shi ne a fara da sola kafin na'ura, a horar da malami kafin a miƙa masa mabuɗi, a bar ɗakin kwamfutar a buɗe, a kuma ware wa 'yan mata lokacinsu. Kowane yaro ya riƙa zama gaban kwamfuta a kowane mako tun daga aji ɗaya na sakandare. In an yi haka, ranar jarrabawa iliminsa kaɗai za a auna.