Fashin Baƙi: Yadda ake tantance gaskiyar alƙaluman ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko gwamnati ta ɓullo da wani sabon tsari, kafafen yaɗa labarai kan cika da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Wani rahoto ya ce ɗan takara kaza ne ke kan gaba, wani ya ce mata sun fi maza goyon bayan wata manufa. Da irin waɗannan alƙaluma jam'iyyu ke tsara yaƙin neman zaɓe, hukumomi kuma su yanke shawarar inda za su zuba kuɗi. Sai dai ba kowane bambanci da ya bayyana a takarda ne yake nan a cikin al'umma ba. Aikin gwajin zato, a fannin ƙididdiga, shi ne rarrabe bambancin gaske da wanda dace kawai ya haifar.

Masu bincike ba sa iya tambayar kowa. Sukan zaɓi samfuri ne, kamar yadda mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ke ɗebo ɗan kaɗan daga buhu ya duba. Cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, ta tambayi manya 1,600 a zagayen bincikenta na 2022 a Nijeriya, da tazarar kuskure ta maki 2.5 sama ko ƙasa. Idan mutum 1,000 aka tambaya, tazarar takan kai kimanin maki 3.

Yadda gwajin yake aiki

Tsarin ya yi kama da shari'a, inda wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an kawo hujja. Mai bincike yakan fara da zaton cewa babu wani bambanci, sannan ya lissafa: in da gaske babu bambanci, sau nawa dace kaɗai zai iya fito da sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi? Amsar ita ake kira ƙimar p. Bisa al'adar da masanin nan ɗan Ingila, Ronald Fisher, ya yaɗa tun 1925, idan ƙimar ta gaza kashi 5 cikin 100, sai a yi watsi da zaton farko.

A ɗauka an tambayi mutum 1,000 game da wata doka, kashi 52 suka ce suna goyon baya, kashi 48 suka ce a'a. Ko da a ce al'ummar ta rabu gida biyu daidai wa daida, irin wannan rata za ta iya fitowa kusan sau ɗaya cikin biyar. Don haka babu hujjar buga kanun labari cewa masu goyon baya sun yi rinjaye. Amma da kashi 55 ne, dace zai kawo hakan kimanin sau biyu ne kacal cikin dubu, nan kuwa hujja ta yi ƙarfi.

Wane gwaji ne ya dace?

Tambayoyi uku ne ke jagorantar zaɓi: wace irin amsa aka tattara, rukuni nawa ake kwatantawa, kuma mutane daban-daban ne ko waɗanda aka taɓa tambaya ne aka sake komawa wurinsu.

Idan amsar e ko a'a ce, kuma rukuni biyu ne, ana amfani da gwajin z na kwatanta kaso biyu. Misali, maza 500 da mata 500: idan kashi 60 na maza da kashi 55 na mata suka amince, ratar ba ta isa hujja ba. Idan kuwa 60 da 52 ne, ta isa.

Idan rukunan sun wuce biyu, kamar shiyyoyi shida na ƙasar nan, sai a koma ga gwajin kai-sikwaya, wanda Karl Pearson ya ƙirƙiro a 1900. Yana kwatanta adadin da aka samu a kowane gurbi na jadawali da adadin da ake sa ran samu in da shiyya ba ta da alaƙa da ra'ayi. Sharaɗinsa shi ne kada adadin da ake sa rai a gurbi ya gaza biyar. Idan ya gaza, gwajin Fisher ne ya fi dacewa.

Idan amsar adadi ce, kamar kuɗin da magidanci ke kashewa a kan sufuri a mako, gwajin t ne ake kwatanta matsakaicin rukuni biyu da shi. William Gosset ne ya wallafa shi a 1908. Amma amsoshi masu hawa-hawa, irin su "na gamsu ƙwarai", "na gamsu", "ban gamsu ba", jeri ne kawai ba awo ba, domin babu tabbacin cewa nisan da ke tsakanin matakan ɗaya ne. A nan masana da dama sun fi son gwajin Mann da Whitney.

Idan kuma mutanen nan dai aka tambaya kafin muhawarar 'yan takara da bayanta, amsoshinsu na da alaƙa da juna. Gwajin McNemar na 1947 ne ya dace, domin yana duba waɗanda suka sauya ra'ayi ne kaɗai.

Inda ake yawan tuntuɓe

Na farko, gwaje-gwajen nan sun ginu ne a kan cewa an zaɓo kowane mutum shi kaɗai ta hanyar ƙuri'a. A aikace kuwa, masu bincike kan zaɓi unguwa ko ƙauye su tambayi mutane da yawa a wuri guda. Tunda maƙwabta kan yi kama a ra'ayi, tazarar kuskure ta gaskiya ta fi ta lissafin farko faɗi, kuma wajibi ne a gyara gwajin yadda zai dace da tsarin samfurin.

Na biyu shi ne tsinka samfuri ƙanana-ƙanana. Idan aka raba mutum 1,600 daidai a kan jihohi 36 da Abuja, kowace za ta samu kimanin 43, tazarar kuskure kuma ta haura zuwa kusan maki 15. Da irin wannan ba a cewa Kano ta fi Kaduna.

Na uku, wanda ya yi gwaji 20 a kan abubuwan da babu bambanci a cikinsu, ana sa ran ɗaya zai fito kamar da hujja. Saboda haka ake so mai bincike ya rubuta tambayoyinsa tun kafin ya ga alƙaluma, ya kuma tsaurara ma'auni idan gwaje-gwajen suna da yawa.

Na huɗu, ƙimar p ba ta faɗin girman bambanci ko muhimmancinsa, kamar yadda Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta yi gargaɗi a 2016. A babban samfuri, ratar maki ɗaya ma tana iya tsallake gwaji. Haka kuma rashin samun hujja ba ya nufin an tabbatar da cewa babu bambanci.

Mafi girma duka, babu gwajin da ke gyara samfuri mara kyau. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta aika wa takardu sun karkata ga masu hali, kuma akasarinsu ba su ma maido da amsa ba. George Gallup, da samfurin da bai kama ƙafar nata ba, ya hango nasarar Roosevelt. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Darasin ya shafi Nijeriya kai tsaye: binciken da aka yi ta waya ko ta intanet, ko da Turanci zalla, zai tsallake ɗimbin mazauna karkara, musamman mata.

Don haka, kafin ɗan jarida ya buga sakamako, ko mai karatu ya tura shi a WhatsApp, ya kamata ya nemi sanin mutum nawa aka tambaya, yadda aka zaɓo su, da wane harshe, wa ya ɗauki nauyin aikin, mutum nawa suka ƙi amsawa, sannan ko ratar da ake magana a kai ta wuce tazarar kuskure. Cibiyar da ta yi aikinta bisa ƙa'ida ba za ta ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.