Iskar Farkon Damina Da Guguwar Teku

Duk mazaunin Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa ya san yadda damina ke shigowa. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan yi tsanani. Sai wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi. Kafin mata su kwashe shanya, iska ta iso da jar ƙura. Gari na wayewa sai a ga kwanon ɗakin wani a gonar wani.

Me ke kawo wannan iska? In bazara ta yi, iska mai laima takan taso daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma. Rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar. Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka sai ta yi sama. Can sama kuwa akwai sanyi. Sai laimar ta zama gajimare, kamar yadda tururin tukunya ke zama ɗigon ruwa a jikin murfi. Gajimare ya yi ta hauhawa har ya zama hadari. Da ruwa ya fara sauka, sai ya janyo iska mai sanyi zuwa ƙasa. In ta bugi ƙasa sai ta yi gaba da gudu. Ita ce ke riga ruwa isowa, ita ce kuma ke yaye rufi.

Hadari yakan taso daga gabas ya nufi yamma. In wannan ya mutu, wani ya haɗu a gabansa. A haka ayarin hadari ke ratsa Zamfara da Kebbi, ya bi ta Burkina Faso da Mali, har ya faɗa teku ta wajen Senegal. Yawancinsu a nan suke watsewa. Amma a watan Agusta da Satumba ruwan teku yana da ɗumi. In ɗuminsa ya kai awo 27 a ma'aunin zafi, tururi yakan yi ta tashi dare da rana, hadarin ya yi ta ƙiba. Juyawar da duniya ke yi sai ta sa shi ya fara kewaya. In gudun iskarsa ya kai kilomita 119 a awa ɗaya, to, ya zama guguwar teku. Direban da ya yi wannan gudu tsakanin Funtuwa da Sheme, sai fasinja sun yi masa magana.

Ba irin guguwar rani ba ce mai kwasar leda a kasuwa. Faɗinta yakan kai ɗaruruwan kilomita, kuma takan yi kwanaki tana tafe. A 2017 wata da aka sa wa suna Irma ta samo asali daga hadarin da ya fita daga Afirka ta Yamma. Ta lalata kusan kowane gida a tsibirin Barbuda, har aka kwashe mutanen tsibirin duka. A 2019 wata mai suna Idai ta fito daga Tekun Indiya, ta kashe mutum fiye da 1,000 a Mozambik da Zimbabwe da Malawi. Galibi ruwa ya fi iska kisa, don guguwar takan turo teku cikin gari, koguna kuma su cika su batse.

Guguwar teku ba ta zuwa Jihar Katsina. Abincinta ruwan teku mai ɗumi ne, da ta hau tudu sai ƙarfinta ya ragu. Amma ɓarnar ruwa ba baƙuwa ba ce a nan. A watan Yulin 2018 ambaliya ta kashe fiye da mutum 40 a Jibiya cikin dare ɗaya. Shi ya sa gini a kan hanyar ruwa ganganci ne, ko da filin kyauta aka ba mutum.

Iska kuwa ta gefen kwano take shiga, ta ɗaga shi. Sau da yawa ba kwanon ke da laifi ba. Katakon ne ba a ɗaure shi da bango ba, sai rufi ya tashi gaba ɗaya kamar hula. Maigida ya duba tun watan Maris: ya sake ƙusar da ta yi tsatsa, ya ɗaure katako da ƙarfe ko waya mai kauri, ya ɗaure jinkar rumbu. Itatuwa irin su darbejiya suna rage ƙarfin iska in an shuka su ta gabas, ɗan nesa da ɗaki. In hadari ya taso, a kira yara ciki a rufe taga, don kwanon da ke shawagi ya fi adda kaifi. Manomin da ruwa ya tarar a gona kada ya fake a gindin itace, saboda tsawa.