Gilashin Walda a Gaɓar Teku

Teku ba ya tsaya wa kowa ya ɗauke shi hoto. Ruwan ba ya daina motsi, sararin sama kuma ya fi ƙasa haske nesa ba kusa ba. In ka saita kyamara don gajimare, duwatsun gaɓa su fito baƙi ƙirin. In ka bi duwatsun, sama ta koma fari fat. Matsalar ta daɗe. A 1857, a garin Sète na kudancin Faransa, Gustave Le Gray ya shawo kanta da dabara: ya ɗauki sama a farantin gilashi ɗaya, teku a wani, sannan ya haɗa su a takarda guda.

Don motsin ruwan kuwa, yau ƙwararru baƙin gilashi suke sa wa kyamara a gaba. Irin wanda kamfanin Lee Filters ya fitar a 2010, Big Stopper, yana rage haske kusan sau 1,000. Hoton da za a ɗauka cikin ƙiftawar ido sai ya ci rabin minti, raƙuman ruwa su narke su kwanta a kan duwatsu kamar hazon hunturu. Sai dai kuɗinsa ba na ɗan koyo ba ne.

Shi ya sa masu sha'awa suka koma wa gilashin masu walda. Gilashin walda mai lamba 10 ma ya fi Big Stopper duhu. A kafa kyamara a kan mai-ƙafa-uku, a saita hoton ya fito tas tun kafin a ɗora gilashin, domin da zarar an ɗora ba abin da za a gani. Sai a ɗaure shi da roba biyu, a liƙe gefe da baƙin tef, don ko ɗan haske ya kutsa ta gefe ya ɓata aikin. Hoton zai fito kore shar, wannan halin gilashin ne. Wasu suna gyara launin a kwamfuta. Ni a ganina mayar da shi baƙi da fari ya fi, don teku ba ya rasa kwarjini in an cire masa launi.

Dabarar da ta fi burge ni kuwa ta baƙin kwali ce. Kyamara na buɗe, sai mutum ya riƙa kaɗa kwalin a gaban rabin sama na idonta, ya bar ƙasa tana shan haske, can daga baya ya janye. In hannu ya tsaya cak, layi zai fito a hoton. A nan ne ɗan koyo yake fahimtar haske da hannunsa, abin da gilashin kanti ba ya koyarwa.

Amma a kula da gishiri. Feshin teku yana bushewa a kan gilashi, in aka goge shi haka nan sai ya karce shi. A fara wankewa da ruwan daɗi. Kada kuma a ba teku baya ana ƙirga daƙiƙoƙi, musamman a gaɓar Atlantika daga Legas zuwa Akra, inda ruwa yake da ja.