Burin Zama Injiniya a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun: Darasi Daga Madatsar Ruwa ta Bakolori

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya tashi a Talatar Mafara ko Bakura ko Maradun ba ya bukatar a ba shi labarin aikin injiniya, domin ga shi nan shimfiɗe a gabansa: madatsar ruwa ta Bakolori da magudanan da suka ratsa gonakin iyayensa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗalibi daga wannan yanki ya ce burinsa shi ne ya zama injiniya ko masanin kimiyya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana irin ilmin da ke ƙunshe cikin wannan aiki, da darasin da tarihinsa ya bar wa mai wannan buri, da hanyar da zai bi, sa'an nan da rabon da ya faɗo a kan mu masu nazarin Hausa.

Asalin Madatsar

An gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato. Tun a shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi matsakaicin aikin ban ruwa a wurin, a bi shi sannu a hankali. Amma da kuɗin man fetur ya samu, sai aka zaɓi babban aiki, aka ba kamfanin Impresit, wanda ke da alaƙa da kamfanin Fiat na ƙasar Italiya, kwangila. An fara gini a 1974, aka gama jikin madatsar a 1978. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 5 da rabi, mafi yawansa na ƙasa ne da aka danne, sai tsakiyarsa da aka zuba da kankare. Tafkin da ta tara ya mamaye wajen hekta 8,000, an kuma ƙaddara zai riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Filin da aka shirya domin noman rani kuwa ya kai hekta 23,000.

Fannonin Ilmin da Aikin ya Ƙunsa

Sau da yawa yaro kan ce yana son zama injiniya, alhali bai san cewa injiniyanci gida ne mai ɗakuna da yawa ba. Bakolori kaɗai ta isa ta nuna masa ɗakunan.

Na farko akwai masanin ruwa, wanda kan auna yawan ruwan sama da gudun gulbi na shekaru masu yawa, domin a san girman tafkin da za a tara da faɗin mafitar da za a bar wa ambaliya. Idan ya yi kuskure, ko dai tafki ya kasa cika, ko ruwa ya hau kan bango ya cinye shi. Na biyu akwai injiniyan gine-gine, wanda aikinsa shi ne ya gwada irin ƙasar da za a yi bango da ita, domin ruwa ba ya rasa hanya. In an bar masa ƙaramar kafa zai bi ta yana zaizayar ƙasa har bango ya rushe. Na uku akwai mai safiyo, wanda ke tsara gangaren magudana. Idan gangaren ya yi yawa ruwa zai ci gefen magudana, idan kuma ya yi kaɗan sai ruwa ya kwanta, laka ta taru, ciyawa ta toshe hanya. Na huɗu akwai injiniyan injuna da na lantarki, masu kula da famfuna da ƙofofin ruwa. Na biyar kuwa shi ne masanin ƙasar noma, wanda ya san cewa ban ruwa fiye da kima ba tare da hanyar tsanewa ba yakan jawo gishiri sama har gona ta mutu.

Darussa Biyu

Darasi na farko ya shafi zaɓen fasaha. An raba filin Bakolori kashi biyu: kimanin hekta 15,000 aka shirya shayar da su ta hanyar feshi, saura 8,000 kuma ta hanyar malala, wato a bar ruwa ya gangara da kansa daga babbar magudana zuwa ƙanana. Feshi yana bukatar famfo da wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasashen waje. Da waɗannan suka yi wuya, sai sashen feshin ya durƙushe, yayin da na malala ya fi jure wa zamani. Shi ya sa shirin gyaran manyan ayyukan ban ruwa da Bankin Duniya ya amince da tallafa masa a 2014, wanda ya haɗa da Bakolori, ya ba hanyar malala ƙarfi. Ashe ke nan gwanintar injiniya tana cikin zaɓen abin da mutanen wuri za su iya riƙewa bayan baƙi sun tafi.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Tafkin ya ci gonaki da gidaje na dubban mutane, manoman da filayensu suka faɗa cikin aikin suka yi shekaru ba su noma yadda suka saba ba, batun diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin wurin aiki. A watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sanda suka far musu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, amma wasu masu bincike sun ce sun haura 300. Har ila yau, mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar sun rasa ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu da kawo musu kifi kowace damina. Lissafin siminti da ƙarfe ya fita daidai, amma an bar mutane a bayan lissafin. Injiniyan da ya fito daga cikin waɗannan mutane, ya san ma'anar gonar gado, yana da wani ilmi wanda baƙo ba zai same shi a littafi ba.

Hanyar Cika Buri

Buri ba ya cika da fatar baki. Tushensa yana makarantar sakandare, inda ɗalibi zai ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako, cikinsu har da Lissafi da Ingilishi da Fiziks da Kemistiri. Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai bin jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano, zai yi shekara 5 kafin ya sami digirin injiniya. Mai bin kwalejin fasaha kuwa zai yi shekara 2 ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sa'an nan ya ƙara 2 domin babbar difloma. Bayan haka akwai rajista da majalisar injiniyoyi ta ƙasa, wato COREN, wadda aka kafa a 1970.

Wannan yanki bai rasa makarantu ba. A Talatar Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wadda aka sa wa sunan ɗaya daga cikin injiniyoyin farko da Arewa ta samu, aka kuma kafa kwalejin aikin gona da kiwo a Bakura. Sai dai tsoro ya shiga tsakanin ɗalibi da aji. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara. A watan Agusta na shekarar aka afka wa kwalejin Bakura, a farkon Satumba kuma aka sace ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. Ko da yara sun dawo, uban da ya ga haka zai yi dogon tunani kafin ya sake tura 'yarsa makarantar kwana, kuma kowace yarinya da aka zaunar a gida wataƙila likita ce ko injiniya aka rasa.

Rabon Masu Nazarin Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Sashen Hausa da kankare? Amsa ita ce, yaro kan fara cin karo da kimiyya cikin harshen da bai gama ji ba, sai ya haddace abin da bai fahimta ba, ya ɗauka kimiyyar ce ta fi ƙarfinsa. Haka kuma injiniyan da ya ƙware yakan kasa bayyana wa manomi dalilin da ya sa za a rufe ƙofar ruwa yau a buɗe jibi. Manoma suna da kalmominsu, irin su fadama da jigawa da laka da jigo da fangali, waɗanda ke jiran mai tattarawa. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Dalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya nuna cewa irin wannan aiki mai yiwuwa ne. Abin da aka yi wa nahawu da adabi ana iya yi wa ban ruwa da lantarki.

Kammalawa

A taƙaice, burin zama injiniya a wannan yanki yana bukatar ilmi mai tushe, da zaman lafiyar da za a nemi ilmin, da harshen da za a isar da shi ga jama'a. Biyun farko suna wuyan ɗalibi da hukuma. Na ukun kuwa namu ne, kuma ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa zai same shi a bakin magudanan Bakolori. Allah ya sa mu dace.