Fiyano Ba Ya Kiɗa Da Kansa: Gadon Da Dave Smith Ya Bari

Tun da manhajojin haɗa waƙa a waya suka shigo hannun samari, wata tsohuwar gardama ta sake tashi a kusan kowace fada ta Birnin Ƙonni. Masu cewa kiɗa ya mutu sun samu sabuwar hujja, amma kan fiyano suke sauke fushinsu. Wai tun ranar da aka fara ɗauko shi a bayan kabu-kabu zuwa ƙofar gidan biki aka sallami mai kalangu, na'ura ce ke kiɗa, yaron da ke tsaye a bayanta kuwa danne-danne kawai yake yi. Ana jin haka a Malbaza, ana jin haka a Ilela, har daga bakin waɗanda su ne suka biya kuɗin hayar fiyanon.

Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta zalunci mutum biyu: yaron da ke kiɗan, da injiniyan da ya sa kiɗan ya yiwu, wanda mafi yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Dave Smith ke nan. An haife shi a San Faransisko ta Amurka a 1950, ya karanta ilimin kwamfuta da injiniyancin lantarki a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ya kafa kamfanin Sequential Circuits a 1974. A wancan zamani, mai sintesaiza, wato fiyanon lantarki mai haɗa sauti, sai ya yi ta murɗa maɓallai kafin ya samu sautin da yake so, idan kuma ya murɗa su don wata waƙa, na farkon ya tafi, sai dai in ya zana matsayinsu a takarda. Yawancin na'urorin ma sauti ɗaya suke fitarwa a lokaci guda. A 1978 Smith ya fito da Prophet-5, ya sa masa ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta: yana fitar da sauti biyar tare, yana kuma ajiye kalar sauti 40 a cikinsa. Duk yaron da ya danna lamba sarewa ta fito, ya danna wata goge ya fito, wannan dabarar yake mora.

Babban aikin nasa kuwa yana bayan na'urar. Juya fiyanon haya ka duba: a yawancinsu za ka ga wani zagayayyen rami mai ƙananan huji biyar, sau da yawa ƙurar hunturu ta toshe shi, an rubuta MIDI a samansa. A sababbi, ta ramin USB ake yin aikin. A 1981 Smith ya gabatar da shawarar a samar da yare ɗaya da na'urorin kowane kamfani za su riƙa ji, Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland na Japan, ya mara masa baya. A watan Janairun 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa Prophet-600 na Smith da Jupiter-6 na Roland da waya ɗaya, aka taɓa wannan, wancan ya amsa. Ba su sa wa yaren, wato MIDI, kuɗi ba, kowane kamfani ya ɗauka kyauta. Shi ya sa yau ɗakin ɗaukar waƙa a Kano ko Maraɗi ke haɗa fiyanon Yamaha da kwamfutar kowane kamfani ba tare da neman izinin kowa ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Babu sauti ko kaɗan a cikin wayar MIDI. Abin da ke bi ta cikinta labarin hannun makaɗi ne: wane maɓalli ya taɓa, daga 0 zuwa 127; da wane ƙarfi ya taɓa shi, shi ma daga 0 zuwa 127; yaushe ya ɗaga yatsa. Kamar takardar awon tela ce. Babu yadi a cikinta, tsawo ne da faɗin kafaɗa da hannu. Da awo ɗaya za a ɗinka riga da shadda, a ɗinka da farin yadi, kamar yadda kiɗa ɗaya zai fita da muryar sarewa ko ta garaya. Idan kuwa mai awo ya karkace, komai tsadar shadda rigar ba za ta zauna a jiki ba, kuma ba wanda zai ce laifin keken ɗinki ne. Ba a taɓa jin takardar awo ta auna mutum da kanta ba.

Ku tsaya kusa da gwanin fiyano a wurin biki ku kalli hannayensa, ba lasifika ba. Hagu na riƙe da haɗin sautuka, yana sauyawa daidai inda mawaƙi ya juya murya. Dama na bin amshi. Idan mawaƙin ya tsaya kirarin uwar amarya, ba ya gaya wa kowa, makaɗin ne ke ganewa ya rage, ya jira, ya sake shiga a kan gaɓa. Ku ba wanda bai iya ba wannan fiyanon na minti biyu, mata za su zauna.

Masu suka suna da tasu gaskiyar, ba zan ɓoye ta ba. Akwai gangar da ke zagayawa da kanta a cikin na'urar, wadda ƴan fiyano ke kira sitayil, kuma malalacin makaɗi yana iya kwana a kan guda ɗaya. Sannan kalangu magana yake yi: makaɗi na matse tsarkiya da hammata, sauti ya hau ya sauka yadda karin harshen Hausa ke yi, alhali maɓallan fiyano matakai ne tsayayyu, goma sha biyu a kowane zango. Amma ko wannan an yi masa tanadi. Ɗan ƙaramin gargaren da ke gefen hagu, wanda ake turawa da babban yatsa, aikinsa ke nan ya lanƙwasa sauti, kuma MIDI na iya rarrabe matsayi 16,384 na wannan lanƙwasa. Fiyano mai arha ne ba ya zuwa da shi, wani ma ba ya jin bambancin taɓi mai ƙarfi da mai taushi. Mai bikin da ya nemi mafi arha, ya ce a ƙure ƙara, a yi masa waƙar Kano da ake yayi, shi ne kuma gobe zai ce duk kiɗan bana iri ɗaya ne.

Akwai wani giɓin da ya fi wannan. Jerin sautuka 128 da kamfanoni suka amince da shi a 1991 ya ware gurbi takwas ga kayan gargajiya: akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, na Afirka kuwa kalimba kaɗai. Babu kalangu, babu gurmi, babu algaita, sai dai yaro ya ari shanai ya yi maneji. Larabawa da Turkawa ba su zauna a haka ba, kasuwarsu ta sa Yamaha ta yi musu jerin PSR-A mai sautukansu da ma'aunin waƙarsu.

Mu ma mun san abin da hannu mai kunne ke iya yi da na'ura. Mamman Sani ya samu ogan ɗin Orla ƙirar Italiya yana aiki da UNESCO, ya zuba masa karin waƙoƙin Woɗaaɓe da na Buzaye, ya ɗauki kaset ɗinsa a Yamai a 1978, shekarar da Prophet-5 ya fito. Shekara da shekaru ƴan Nijar na jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba. Sai a 2013, bayan shekara 35, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Abin da ciwo a ce daga waje aka zo aka tono mana.

Smith kansa bai yi arzikin da aikinsa ya kai ba a lokacin. Kamfaninsa ya durƙushe a 1987, Yamaha ta saye shi. Ya sake kafa wani a 2002, ya karɓi lambar Grammy ta fasaha tare da Kakehashi a 2013, a 2015 kuma Yamaha ta mayar masa da sunan Sequential. Ya rasu ranar 31 ga Mayun 2022 a Ditroyit, yana da shekara 72.

Manyan fiyanon yanzu suna karɓar sautin da aka ɗauka daga waje ta filas. Jihar Tawa, wadda gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu ke ɗauke da sunan makaɗinta, tana da masu kalangu da gurmi da algaita a raye, daga Adar har bakin iyaka. Ɗaukar sautinsu ɗaya bayan ɗaya, a kowane matsi da kowane ƙarfin bugu, na buƙatar makirufo mai kyau, ɗaki marar hayaniya, yardar makaɗan da biyansu haƙƙinsu, sannan a raba wa ƴan fiyanon Ƙonni da Malbaza da Ilela. Kuɗin bai kai na rumfuna da kujerun bikin buɗe taro guda ba, kuma aiki ne da ya dace da ma'aikatar al'adu tun tuni.