Saƙa da Kwarashi Ba Sai An Tara Kaya Ba

Kwarashi ɗan ƙarfe ne mai ƙugiya a baki. Da shi mata su ke saƙa hula da safa da rigar sanyi ta jarirai. Kayan aikin kaɗan ne: kwarashi, da zare, da almakashi.

A Nasarawa ta Kano, inda Turawa suka zauna bayan sun ci garin a 1903, mun ga mata masu wannan saƙa. Waɗansu in sun je kasuwar Sabon Gari su kan sayo zare iri-iri don sha'awa kawai. Gidajen can manya ne, amma duk da haka zaren ya kan cika akwati, ƙura ta hau shi, ɓera ya yi sheƙa a ciki. Kuɗi sun tafi ke nan. To, balle mu a ƙauye, masu ɗaki ɗaya da gado da jeren kwanoni.

Ga dabara. Kafin mu sayi zare, mu san abin da za mu saƙa, da wanda za mu saƙa wa. Mu sayi daidai aikin. Mu gama ɗaya kafin mu soma wani, gama taura biyu ba ta taunuwa. Guntayen da suka rage a haɗa su a yi hula mai launi-launi. Mu fara tun da kaka, don a sayar kafin hunturu ya wuce.

Kayan saƙarmu duka kada su fi kwando ɗaya. In ya cika, ba sauran saye sai an saƙe na ciki.